Madam Divine Ta Ɗaura Zanen Kaka Leah

Duk wanda ya ce bai san Madam Divine ba, to ko dai ba shi da talabijin ne, ko kuma hassada ce ke cin sa, kuma ita Madam ta fi yarda da na biyun. Allah ya yi 'yan wasa a ƙasar nan, amma ita daban ya ajiye ta. Ta fito a sarauniya, ta fito a mayya, ta fito a matar gwamna, ta fito a mahaukaciya mai kwana a bola ba tare da jan bakinta ya goge ba. Mutuwa kuwa a fim ta yi ta ba iyaka, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa mutuwa da wuri ba. Sai ta yi wasiyya, ta yafe wa kowa, ta rufe ido, sannan ta sake buɗewa domin ta tuna akwai wanda ba ta yafe wa ba. Wani darakta a Jos ya taɓa roƙon ta, don girman Allah, ta taimaka ta cika kafin batirin kyamara ya ƙare. Ba ta sake aiki da shi ba.

Mu mutanen Zuru ya kamata mu fi kowa alfahari da ita, don a nan aka yanke mata cibiya. Lokacin sunanta Talatu, 'yar Joel soja, kuma tun tana ƙarama aka ga alamar baiwa. A wasan Kirsimeti na coci aka ba ta matar mai masauki, aikinta kawai ta leƙo ta ce wa Yusufu da Maryamu babu wuri. Talatu ta leƙo, ta ce babu wuri, ta kawo dalili, ta ba da tarihin masaukin, ta yi ƙorafi kan tsadar dawa, har Maryamu ta gaji da tsayuwa ta nemi benci ta zauna. Daga nan aka yi wa uban canjin bariki, Talatu ta bi shi Kaduna, ta hau dandamali, daga dandamali ta faɗa fim. A hanya ne Talatu ta ɓace, Divine ta bayyana, kuma wanda duk ya kira ta da tsohon suna sai ta waiwaya bayanta ta ga ko da wata yake.

Kada a ce ta manta gida. Duk hirar da za a yi da ita a rediyo sai ta kawo zancen kakarta. Za ta sassauta murya ta ce, "Kakata Leah ita ce makarantata ta farko. Tsohuwa mai haƙuri, mai sanyin hali, ba ka jin muryarta a gida. A gindin murhunta na koyi hawaye." Masu sauraro su yi ta tausayi. Gaskiyar magana, Madam ba ta wuce shekara shida ba aka ɗauke ta daga gaban tsohuwar, kuma tun da ta yi suna ba ta sake taka Zuru ba. Ba laifinta ba ne. Hanya ba kyau, garin ba otal da ya dace da ita, ga aiki. Amma kowace shekara, ba fashi, tana aika wa tsohuwar kalanda mai hotonta.

Abu ɗaya ne ke ci mata tuwo a ƙwarya. Kano ta yaba, Jos ta yaba, har Legas an ba ta kofi, amma labari yana iso mata cewa mutanen garinsu ba su ɗauke ta a bakin komai ba. In fim ɗinta ya zo, sai matan unguwa su ce, "Ga Talatu can tana ihu," su ci gaba da tsince wake. Wannan magana ta daɗe tana sukan ta. Ta rantse wata rana sai Zuru ta miƙe tsaye ta tafa mata, ko da ita ce rawarta ta ƙarshe.

Sai ga waya daga Kawu Solomon, ƙanen babanta, tsohon saje da ya yi ritaya ya koma noman dawa. Ya ce Mama, wato Kaka Leah, ta cika. Ya ce kuma kada ta zo da kuka, domin tsohuwa ta ga jikoki ta ga 'ya'yan jikoki, irin wannan mutuwa a gidansu biki ce. Bayan an dawo daga rufewa, jika mace za ta ɗaura zanen mamaciya ta fito tsakar gida, ta yi tafiyarta, ta yi maganarta, ta yi halinta, jama'a su sake ganin ta sau ɗaya su yi dariya su sallame ta. In jikar ta dace, tsofaffi su ce an raka ta da kyau. Ya ce an riga an zaɓi Rachel, 'yarsa, tun da ita ta zauna da tsohuwar.

Madam ba ta ji sunan Rachel ba. Abin da ta ji shi ne akwai dandamali, akwai jama'a, akwai babbar rawa, kuma duk a Zuru. Kafin Kawu ya kashe waya ta riga ta sanar wa masoyanta na duniya cewa za su ga wasan da ba a taɓa yi ba, kai tsaye daga mahaifarta. Ta ɗauki Lukuman mai kyamara, ta ɗauki akwatin kwalliya, suka kama hanya.

Shigowarta ma abin kallo ce. Jif ta tsaya a ƙofar gida, ta fito cikin baƙar doguwar riga da baƙin tabarau, ta jira Lukuman ya daidaita kyamara, sannan ta ɗora hannu a ka ta saki kukan nan nata da ya ci kofi. Ta manta gargaɗin Kawu, ko kuma ta ga kawu ba darakta ba ne. Sai dai a tsakar gida matan zumunta na coci ne cikin anko, suna buga tulu suna kaɗa caki suna waƙa suna juyi, ba wadda ta ji ta. Ta ƙara murya, su ma waƙa ta kai inda ake ƙara murya. Can wata mata ta lura da ita, ta zo ta dafa ta ta ce, "Sannu baiwar Allah, ciki ne ke ciwo?" Ta miƙa mata kofin kunu.

Da aka gane ko wace ce, aka yi mata maraba daidai gwargwado. Aka ce Talatu ta zo, Talatu ta yi ƙiba, Talatu ta yi fari. Madam ta haɗiye wannan duka, ta nemi a tara dangi, ta tsaya a kan dakalin ɗakin tsohuwar.

"Kawu, iyayena, 'yan'uwana," in ji ta. "Na bar ayyuka uku a Abuja na zo. Ban zo a matsayin tauraruwa ba, na zo a matsayin jika, ko da yake ba a raba biyun. An ce mini za a kwaikwayi kakata. To ina tambaya, in akwai likita a gida, ana kai mara lafiya wurin mai sayar da ganye? Wannan rawa tawa ce. Ba don kaina ba, don Zuru ta shiga tarihi."

Kawu Solomon ya sosa ƙeya. Mutum ne da ya ga yaƙi, amma bai iya musu da mace mai tabarau ba. Ya dubi Rachel. Rachel, wadda dama kunyar fita gaban jama'a ke damun ta, ta ce ba komai, Yaya ta yi. Har ta ƙara da cewa, "Yaya, in kina so mu shiga ɗaki in nuna miki yadda Kaka take yi."

Madam ta yi murmushin tausayi. "Ƙanwata, ɗan wasa na gaskiya ba ya tambaya. A jini yake ji. Na yi tsofaffi a fim tun ba ki iya ɗaura zane ba. Tsohuwa ai tsohuwa ce."

Aka kawo mata kayan mamaciya: zane, riga, ɗankwali, da wasu takalman kambas na soja da suka sha wanki. Ta karɓi zane da riga, ta ture takalman da ƙafa, ta ce wace tsohuwa ce za ta sa wannan. Ta ce a kawo sandar Kaka. Aka dubi juna, aka ce Kaka ba ta da sanda. Da wani mai hankali ne, da ya tsaya nan ya yi tunani. Madam ta ce wannan sakacin dangi ne, a bar tsohuwa ba sanda, ta aiki Lukuman ya saro mata reshen dalbejiya a bayan gida.

Da safe aka yi sujadar jana'iza aka kai Kaka Leah makwancinta. Madam ba ta je ba, tana ɗaki tana shirin rawar da za ta taka. Ta shafa toka a gashi. Ta zana tamoji a goshi da gazal. Ta baƙanta haƙoran gaba biyu, ta cusa tsumma a bayan riga ya zama doro. Ta dubi madubi, tausayin kanta ya kama ta, ta ce yau Zuru za ta san ta haifi 'ya.

Bayan azahar gida ya cika maƙil. Mutanen Manga sun zo, na Ribah sun zo a kan babura, tsofaffin sojoji sun jeru a benci da hulunansu, fasto yana gefe a kujerar roba. A gaba, kan tabarma, tsofaffin mata ne sa'o'in mamaciya, a tsakiyarsu Kaka Larai, wadda suka yi zaman bariki tare da Leah tun suna amare. Ita ce za ta faɗa ko an dace. Masu tulu suka ɗauki kiɗa, Lukuman ya ɗaga hannu alamar duniya tana kallo, labule ya motsa.

Sanda ce ta fara fitowa, tana rawa. Sai wata halitta ta biyo ta, a duƙe, haɓa na neman taɓa gwiwa, tana tari. Ta yi taku ɗaya ta huta. Ta yi na biyu ta dafa bango. Ta ɗaga hannu mai karkarwa ta sa wa jama'a albarka da wata 'yar murya siririya. "'Ya'yana, ku yi haƙuri da duniya. Ni ba ni da kowa sai Allah. Ko ruwa kuka ba ni na gode."

Kiɗa ya yi rauni, ya mutu. Masu caki suka sauke hannu. Fasto ya sami wani abu mai muhimmanci a kan takalminsa ya tsura masa ido. A bencin sojoji wani ya tambayi na kusa da shi, a hankali, ko wace ce wannan. Matar da aka rufe da safe, ko a makon da ta kwanta ciwo, a tsaye take cak, da kambas ɗinta take zuwa gona, kuma in ta yi magana a nan ana jin ta a bakin kasuwa.

Madam ta ji shirun, zuciyarta ta yi fari. Ta san irin wannan shiru, shi ne na jama'ar da wasa ya tafi da su. Don haka ta ƙara. Ta zagaya fili tana jan ƙafa, ta roƙi yafiyar kowa, ta zube a tabarma, ta yi wasiyya, ta yi shaƙuwa, ta miƙe ƙafa ta cika. Ta kwanta tana jiran tafi. Da ya yi jinkiri ta buɗe ido ɗaya. Abin da ta gani shi ne bayan mutane, sun fara matsawa wajen tukwanen tuwo.

Sai muryar Kaka Larai ta fito, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji. "Solomon, wagga baƙuwar tsohuwa daga wane gari ta zo muna gaisuwa? A zuba mata tuwo, da gani ta kwana biyu ba ta ci ba."

Dariya ta fashe. Ba irin wadda ake so a wannan rana ba, irin wadda ake yi wa mutum. Har sojoji, har masu tuwo, har Lukuman, kyamara na girgiza a hannunsa.

Madam Divine ta ji dariyar tana kwance. Kunya ce ta fara zuwa, amma ba ta daɗe ba, don Madam ba ta saba ajiye ta ba. Fushi ya ture ta. Ta miƙe zumbur, ta yi jifa da sanda har ta faɗa cikin randa. Doro ya zame ya faɗi. Ta tsaya tsaye cak, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya yana nuna jama'a, hanci a sama. Yaren C'lela na mutanen Zuru, da ta sha gaya wa 'yan jarida ya gudu daga bakinta, sai ga shi ya dawo garau, tana haɗa shi da Hausa tana watsa musu.

"Ni za ku yi wa dariya? Ni? Ku su wa? Ku da iyakar tafiyarku Wasagu! Kun san wuraren da na shiga? Kun san waɗanda suka tashi tsaye don na shigo? Dubi ankon da kuka ɗinka, ko labulen ɗakin girkina ya fi shi. Kunun da kuka ba ni jiya, ruwa ne aka nuna wa gero. Waƙarku ba daɗi, kiɗanku ba tsari, ke mai tulu tun ɗazu kike bin bayan waƙa. Fasto, an ce wa'azinka na safe har mamaciya ta gaji. Garin nan kaf ba wanda ya san daraja. In ba don ni ba, wa zai san da ku? Laifina ne da na zo."

Ta ja tsaki mai tsawo, ta gyara bakin zane da ƙarfi, ta sa ƙafa ta ture wata kujera 'yar tsugune da ba ta yi mata komai ba. Sannan ta tsaya tana huci.

Ba wanda ya motsa. Kawu Solomon ne ya fara. Tsohon saje ya tashi daga benci a hankali, ya cire hula, ya ƙame, hannuwa a gefe, kamar yaron da aka kama da satar gyaɗa. Ya ce, "Mama."

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Sai gidan ya rikice. Masu tulu suka kama kiɗa da ƙarfinsu, mata suka taso suna juyi suna kuka suna dariya lokaci guda. Rachel ta durƙusa ta rufe fuska da ɗankwali, kafaɗunta na girgiza. Fasto da aka zaga yana share ido yana cewa haka take ce masa duk Lahadi, haka, ko kalma ba a canja ba. Mai tulun da aka ce tana bin bayan waƙa ta zo ta rungume Madam ta ce shekara da shekaru take shan wannan magana, ta ɗauka ba za ta sake jin ta ba. Sojoji suka miƙe tsaye suna tafi. Zuru dai ta tashi ta tafa.

Madam ta tsaya a tsakiya, toka na zuba daga kanta, ba ta gane abin da ya faru ba. Amma ba a banza ta yi shekaru a sana'a ba, in tafi ya zo ba ta tambayar daga ina. Nan da nan ta sassauta fuska, ta ɗan rusuna dama, ta rusuna hagu, ta yafito Lukuman ya matso.

"Masoyana," in ji ta cikin kyamara, tana haki, "abin da kuka gani shi ake kira salo. Da gangan na fara da waccan tsohuwar don in kwantar da hankalin 'yan kallo, sannan in fito da ta gaskiya. Na daɗe ina nazarin kakata. Ba kowane ɗan wasa ne zai iya ba. Bari mu ji daga bakin aminiyarta."

Ta je ta durƙusa gaban Kaka Larai, durƙuson fim, ta juya gefen fuskarta mai kyau wajen kyamara. "Kaka, gaya wa duniya. Wane ɓangare na wasan ne ya fi taɓa ki?"

Kaka Larai ta kama hannunta ta riƙe da hannu biyu. Idanunta sun yi ja da kuka, kuma da ƙauna take duban ta, wannan ba shakka.

"Wasa?" in ji ta. "Wasan ai shi ne na farko, kuma ba ki iya ba, ɗiyata. Na biyun ba wasa ba ne, ke ce. Leah ke nan. Ba miyar da ta taɓa yi mata daɗi sai tata. Ba taron da za a yi a tashi ba ta mai da shi nata ba, ko biki ko mutuwa. Tun tana magajiyar matan sojoji a bariki take gaya muna in ba don ita ba, ba wanda zai san da mu. Ina son ta, Allah ya sani, amma mun sha wuya."

Madam ta yi ƙoƙarin zare hannunta. Tsohuwa ba ta saki ba. Lukuman kuma, ɗan halak, ya ƙara matsowa don sauti ya fita da kyau.

"Da aka rufe ta ɗazu," Kaka Larai ta ci gaba, "na ce Ubangiji ya ba ta hutu, mu ma ya ba mu namu. Ashe ta bar muna ke." Ta share hawaye da bakin zane, ta shafa kumatun babbar tauraruwa, ta tambaye ta a hankali, a gaban duk masoyanta na duniya.

"Talatu, yaushe za ki koma?"